Ƙaguwa Biyu a Bayan Yaya

Na san abin da 'ya'yan Baffanku Ilu suke faɗa a kaina, domin maganar ta zagaya ta dawo kunnena ta bakin mutane da dama. Cewa suke yi na kunyata ubansu a bainar jama'a, na karɓe masa aiki, na karɓe iƙamar, takardar zama a Saudiyya, da aka yi masa alkawari, shi kuma ya koma gida da 'yar jaka a hannu. Ku ma kun ji, kuma ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai duk lokacin da aka taɓo zancen. To, ku ji daga bakina. Aikin dai ni aka ba, iƙamar ma hotona ne a jiki, ihun kuwa na yi shi har muryata ta dushe. Amma akwai abin da ya zo kafin wannan duka, kuma shi ne ba a gaya musu ba.

Garinmu a gindin dutse yake, can ƙasar Zamfara, kuma gidanmu gidan masu hawan dutse ne tun kakanni. In zuma ce a cikin kogo, ko akuyar wani ta maƙale a inda ba ta iya saukowa, ƙofarmu ake zuwa. Yaya Ilu ya gaji abin gaba ɗaya, bai rage mini komai ba. Ba takalmi, ba igiya, zai manne da dutse kamar ƙadangare yana tafiya yana waƙa. Ni kuwa ko katangar gida na hau sai ƙafata ta kama rawa. Sale mai rawar ƙafa, sunan da ake kirana ke nan, kuma ban taɓa musawa ba. Shi ya fara zuwa Umara ya zauna, daga baya ya aiko na biyo shi. Muka sami ɗaki a unguwar Hindawiyya a Jidda, a wani tsohon gida da bangonsa ke zubar da gari in ka jingina. A gidan nan na ga uwarku, 'yar mai gidan, haifaffiyar Jidda mai Hausa rabi Larabci rabi. Da aka haifi babbanku sai ta fara kirana da Abu wane, ta kama sunan ɗan fari gatsal kamar yadda Larabawa ke yi. Duk lokacin da Yaya ya ji sai ya toshe kunne ya ce ƙasar nan ta cinye kunyar mata.

Aikin da muka samu na wani kamfani ne da ke share duwatsun da suke rataye a saman hanyar Hada, wadda ke hawa zuwa Ɗa'if. Warsharsu, inda suke ajiye kayan aiki, tana Madinar Masana'antu ta Jidda. Ba su tambaye mu takarda ba, don ba kowa ke son aikin ba. Ranar Asabar mota ta kwashe mu ta hau da mu, sai Alhamis mu gangaro Jidda. Yawancin aikin daga sama ake zuro mutum da igiya, ya sa ƙarfe ya ɓamɓare duk dutsen da ke motsi. Sai dai akwai wuraren da ba a iya zuwa musu ta sama, dole wani ya hau daga ƙasa yana jan igiya a ƙugunsa har ya kai inda za a kafa ta. Wannan aikin Yaya ne. Ni nawa shi ne in tsaya a ƙasa in riƙe ɗaya bakin igiyar, ina sakar masa kaɗan-kaɗan. Ku gane wannan da kyau: igiyar ba ta amfanin mai hawa sai in ya maƙala ta a jikin dutse yana tafiya. In bai maƙala ba, ya zame, to shi da igiyar tare za su iso ƙasa.

Shekarar da aka yaye babbanku, Baturen da ke kula da aikin, wanda kowa ke ce wa Muhandis, wato injiniya, ya dawo daga hutu da wani akwati. Shi mutum ne da ke hawan dutse don nishaɗi a ƙasarsu, Allah ya shirye shi. Ya buɗe akwatin a warsha ya fito da wasu ƙarafa da ba mu taɓa gani ba. Kowane yana da kunnuwa huɗu masu haƙora a kai, da 'yar kunama a jiki kamar ta bindiga. In ka ja kunamar kunnuwan su tsuke, ka cusa a tsagar dutse, ka saki, su buɗe su ciji dutsen ta gefe biyu. Sai ka maƙala igiyarka a gindinta da ƙugiya. Duk yadda nauyi ya ja ta ƙasa, ƙara cizo take yi. Nan take wani a cikinmu ya ce ai wannan ƙaguwa ce, sunan kuwa ya bi ta. Akwai manya kamar dunƙulen hannu, akwai matsakaita, akwai ƙanana da ba su wuce kan ɗan yatsa ba. Muhandis ya gwada mana a tsakanin bulo biyu, ya ce akwatin na ƙungiyarmu ne, mu kula da shi, ya shiga motarsa ya tafi duba wani wurin.

To, mu Hausawa ne, kuma abu ya zo hannunmu a tare. Me kuke zato muka yi? Muka shimfiɗa tabarma, muka zube su kamar naman layya, muka ja da baya muka jira babba. Yaya ya yi bisimilla ya ɗauki manyan duka, don ba ya yiwuwa babba ya miƙa hannu ya ɗauki ƙarami a gaban ƙannensa. Na biye da shi suka kwashi matsakaitan. Da aka zo kaina, 'yan mitsi-mitsin ne suka rage.

"Ga naka, Sale," in ji Yaya. "Daidai da zuciyarka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Wallahi babu wanda ya ga aibin abin a cikinmu, haka muka tashi muka ga ana rabo.

Tsoro ne ya fara nuna mini aibin. Mutumin da ba ya tsoro ba ya gwada kaya, ni kuwa duk Juma'a ina gida ina cusa 'yan ƙaguwata a duk tsagar da na gani, a bangon ɗaki, a matakala, a katangar masallaci, in rataya a jiki in ji ko za su riƙe. Uwarku ta yi ta faɗa wai zan rushe wa uwarta gida. Wata rana na ari babba guda na gwada. A nan na gane cewa ita ƙaguwa ba ruwanta da girman mai ita, tsagar take dubawa. Babba a ƙaramar tsaga ko bakinta ba ya shiga. Ƙarama a babbar tsaga sai ta buɗe kunnuwa duka ta zauna sakwa-sakwa, yaro ma ya ja ta fito. Ashe kowane mai hawa yana bukatar daga kowane iri a ɗamararsa, don tsaga ɗaya tana iya farawa da faɗi ta ƙare a tsuke. Tun daga ranar, duk lokacin da Yaya ya ɗaga ƙafa ya bar ƙasa da manyan nan suna kaɗawa a ƙugunsa, bakina ɗaci yake yi. Na gwada gaya masa a hankali, muna mu biyu. Ya ce shi ƙarafan nan don idon Bature yake ɗauka, ubanmu bai san su ba kuma a kan gadonsa ya mutu.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi a Ɗa'if. Wata Alhamis, muna shirin gangarowa, aka nuna mana wani dutse kamar ɗaki da ruwan ya zaizaye ƙarƙashinsa, yana leƙen wata kwana inda motoci ke rage gudu. Ta sama ba hanya. Ta ƙasa tsaga ɗaya ce tak. Na tsaya na bi ta da ido. A gindi hannu zai shiga har wuyansa, amma can sama sai ta yi ta sirancewa har ta zama kamar zare. Aka ce ranar Asabar za a tsare hanya, Ilu ya hau. A ranar ce kuma aka ce in ya gama wannan, kamfani zai zama kafilinsa, wato ya tsaya masa wajen hukuma, a yi masa iƙama.

Juma'ar nan ban iya cin abinci ba. Bayan an sauko daga masallaci na same shi a ɗakinsa yana gyaran farce, na durƙusa na ajiye ƙanana guda uku a gabansa.

"Yaya, tsagar nan ta tsuke a sama. Ka taimake ni ka tafi da waɗannan."

Bai ko kalle su ba.

"Kai ne za ka koya mini dutse, Sale?"

"A'a, Yaya. Tsoro nake ji."

"Yaushe ne ba ka ji ba? In hau a gaban mutane da kason ƙaramin gida a ƙuguna, a ce Ilu ya tsufa har yana aron kayan ƙaninsa? Kwashe abinka."

Na kwashe. Na koma wajen uwarku na zauna a bakin ƙofa, ta miƙo mini shayi. Na gaya mata komai, har da abin da ban gaya wa kowa ba, cewa in ya faɗo bai mutu ba ma ban san inda zan kai shi ba, don asibiti takarda za su fara tambaya. In kuma ya mutu, ni ne mai riƙe da igiyar, ni zan aika wa matarsa da 'ya'yansa a gida. Ta saurare ni tana tsince shinkafa.

"Esh hada, mene ne haka, ya Abu wane? In zan sa maka maganin ciwon kai a jaka, shawararka nake nema? Wa ke ɗaura masa ɗamarar?"

"Ni."

"To khalas, shi ke nan."

Gaskiyarta. A cikin hidimar da ƙane ke yi wa wansa, ni ke ɗaura masa ɗamarar hawa, in zagaya bayansa in ja maɗaurin, kamar yadda nake ɗaukar masa buta. Safiyar Asabar, a gindin dutsen, na zagaya bayansa da ƙanana biyu a cikin hannun rigata. Na maƙala ɗaya ta dama, can baya inda rigarsa ke rufewa. Ta biyun na yi ta jinkiri a kanta, don in suka haɗu za su yi ƙara ya ji, kuma in ya ji zai cire su ya jefar a gaban kowa. Har na mayar da ita aljihu. Sai na ɗaga kai na sake ganin zaren nan a sama, na fito da ita na maƙala ta hagu, nesa da 'yar'uwarta.

"Yau ka daɗe," in ji shi.

"Maɗaurin ne ya yi tsauri, Yaya."

An tsare hanya, motoci sun yi layi har bayan kwana, mutane sun fito suna kallo. 'Yan sandan murur biyu, masu kula da hanya, suna jingine da motarsu kusa da mu, mu da ba wanda ke da ko guntuwar takarda. Birai sun jeru a kan wani dutse daga gefe, su ma sun zo kallo. Yaya ya yi addu'a ya kama tsaga. A ƙasa abin ya yi kyau, har ya sa babba guda ya maƙala igiya, ya ƙara gaba ya sa wata. Daga nan ya ci gaba bai sa komai ba, ni ina sakin igiya ina jin kamar hanjina nake saki. Ya yi nisa da ƙaguwar ƙarshe, nisan da ko ni da ban yi boko ba na san in ya zame ƙasa zai kai kafin igiyar ta tare shi. A daidai nan Muhandis ya iso, ya fito da madubin hangen nesa.

Sai Yaya ya tsaya. Ruwan da aka yi ya bar laka a cikin tsagar, yatsunsa suna shiga suna zamewa. Na ga ya saki hannu ɗaya ya ciro babba, ya kai bakin tsaga, ta ƙi. Ya juya ta, ta ƙi. Ya mayar ya ciro wata, ita ma ƙatuwa ce. Ya duba ƙasa don ya sauko, babu wurin sa ƙafa, dutse ya fi sauƙin hawa a kan sauka. Sai ƙafarsa ta dama ta fara rawa. Ƙafar Yaya Ilu! Tana kaɗawa kamar ta mai taka keken ɗinki, daga ƙasa muna gani. Wurin ya yi tsit, har masu motocin sun daina magana.

"Sale."

Bai ɗaga murya ba, amma dutsen ya kawo mini ita. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira sunana haka ba. Na san in na yi magana kowa zai ji, abokan aikinmu, da Bature, da Larabawa, kuma na san abin da zai biyo baya tsakanina da shi. Ban yi dogon tunani ba.

"Yaya! Laluba bayanka! Ƙananan suna bayanka! Na sa maka!"

Bai motsa ba. Wallahi tallahi bai motsa ba, kuma a cikin wannan tsayuwar na yi imani ƙi zai yi, ya gwammace ya faɗo. Na sake kwarma ihu, ina kiran sunan Inna, ina haɗa shi da Allah, hawaye da majina duk sun haɗe mini. Sai hannunsa ya tafi baya a hankali. Ya samo ta dama, ya ciro ta, ya kai ta bakin tsaga, ta kuɓuce daga yatsunsa. Na ji ƙararta tana dukan dutse, ƙil, ƙil, ƙil, har ta wuce ta kaina ta faɗa kwazazzabo. Har gobe in cokali ya faɗi a kan siminti sai gabana ya yanke.

"Ta hagu! Akwai ta hagu!"

Ya laluba, ya samu. Wannan karon ya kai ta baki ya riƙe da haƙori, ya gyara kamu, ya ja kunamar, ya cusa. Ta shiga. Ya jawo igiya ya maƙala, na ji ƙugiyar ta ce ƙas, sai ƙafarsa ta tafi. Igiyar ta fizge ni sama ta buga fuskata da dutse, wannan haƙorin da kuke tsokanata da shi a nan ya gutsure. Na riƙe, idona a rufe, ina jiran in ji igiyar ta saki. Ba ta saki ba. Da na buɗe ido yana lilo a sama, duk nauyinsa a kan ƙarfen da bai wuce kan yatsa ba.

Da na sauko da shi ba abin da ya same shi sai ƙujewa a gwiwa. Larabawa suna ta tafi suna mashallah. Bai kalli kowa ba. Muhandis ya zo ya duba ɗamararsa, ya duba tawa, ya duba na sauran, fuskarsa ta yi jawur. Ya sa aka zube ƙaguwar duka a kan tamfol, ya cuɗanya su da hannunsa. Ya ce daga yau wanda zai hau shi ke zaɓa, kuma ya zaɓa yana kallon tsagar. Sannan ya tambaya wa ya sa ƙananan, aka nuna ni. Ya ce gobe ni zan hau, Ilu ya riƙe igiya. Na roƙe shi, na ce ni matsoraci ne, kowa ya sani. Ya ce irina yake nema.

Washegari na hau, ina sa ƙaguwa duk inda hannuna ya kai, ina salati, ƙafata tana abin da ta saba. Yaya ne a ƙasa, kuma ku gaya wa 'ya'yansa ban taɓa samun wanda ya riƙe mini igiya kamar yadda ya riƙe a ranar ba. Da muka gangaro Jidda ranar Alhamis ya haɗa kayansa. Uwarku ta tsaya a ƙofa tana kuka tana ba shi haƙuri da Larabci da Hausa. Ya ce mata ba komai, ya shafa kan babbanku, ya wuce ni kamar bango. Ya je unguwar Sharafiyya ya zauna a inda jawazat, jami'an shige da fice, ke kamen marasa takarda, ya jira su da kansa. Na so in ƙi iƙamar. Amma ga uwarku, ga goyo, ga cikin 'yar'uwarku Rabi ya fito, na karɓa, kuma ba zan ce muku na yi nadama ba. Na yi shekaru ina hawan duwatsun nan, babu ranar da ban ji tsoro ba. Duk abin da na aika masa gida dawo mini da shi ake yi.

Sai da gemuna ya yi fari na sami zuwa garinmu. Na tarar idonsa ya tafi, yana zaune a zaure. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Aka kawo tuwo da nama a kwano ɗaya, yaran suka fita suka bar mu mu biyu. Na ja hannuna na jira babba. Ya sa hannu a kwanon yana lalube, ya taɓa wannan ya wuce, ya taɓa wancan ya wuce, har ya samo 'yar ƙaramar tsoka ya ɗauka. Ya riƙe ta bai kai baki ba.

"Sale."

"Na'am, Yaya."

"Ihun nan har yau yana kunnena. Ban ji daɗinsa ba."

"Na sani, Yaya."

Ya juya naman a yatsunsa.

"Me ya sa ka sa biyu?"

"Tsoro, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Allah ya yi wa tsoron nan albarka."

A hankali ya faɗa, kuma babu kowa a zauren sai ni. Kafin damina ta zagayo ya rasu.